KIMIYYA A ƘOFAR GIDA: Jigo, Baro Da Injin Da Ba Ya Shan Mai

Ran nan wani mai karanta wannan fili ya rubuto mini takarda daga Shagamu, ya ce an kawo musu tallan wani injin ba da wutar lantarki wanda ba ya shan fetur, ba ya shan gas, ba ya kuwa bukatar hasken rana. Wai da zarar an tashe shi da batir sau ɗaya, shi ke nan, sai ya yi ta juyawa yana ba gida wuta, yana kuma cika batirin nasa da kansa har illa ma sha Allahu. Mai tallan ya nuna musu wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe da bel da gargare biyu, babba da ƙarami, ya ce a nan asirin yake, domin su ne ke ninka ƙarfi. Malamin ya ce shi tela ne, tun kuwa da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023 kuɗin mai ke cinye masa ribar ɗinki. Ya tara 'yan kuɗinsa, yana tambaya ko ya saya.

Amsata a taƙaice ita ce, Malam, riƙe kuɗinka. Amma ba na so ka karɓi maganar don kawai ka gan ta a jarida, gama mai tallan ma magana ya yi maka, kuma cikin maganarsa akwai gaskiya ɗaya: lalle akwai na'urorin da ke ninka ƙarfin mutum. Abin da ya ɓoye maka shi ne kuɗin da ake biya kafin a sami wannan ninki. To, bari mu bi al'amarin daga tushe.

Mu fara daga lambu. Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san jigo, ko da yake injin ban-ruwa ya kore shi daga wurare da yawa. A kafa gwafa biyu, a gitta musu itace, a ɗaura doguwar sanda a kai, amma ba daidai tsakiyarta ba. Gajeren ɓangaren a ɗaura masa dutse ko curin laka, dogon kuwa a rataya masa igiya da guga. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, domin an sami zanenta a jikin wani kabari na ƙasar Masar wanda ya haura shekara 3,000.

Wurin da sandar ta dogara a kai, mu kira shi madogara. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce tak: a ɗauki nauyin da ke wannan gefe a ninka shi da nisansa daga madogara, a yi haka nan ga wancan gefe, in lissafin biyu ya zo daidai sai sanda ta tsaya cik, ba mai rinjayar wani. A ce dogon hannun jigo mita 3 ne, gajeren mita 1, guga kuwa na cin lita 15, watau kilo 15, tun da yake litar ruwa kilo ɗaya ce. Kilo 15 sau 3 ya ba da 45, saboda haka curin laka mai kilo 45 shi ne zai riƙe cikakken guga, in mun kau da kai daga nauyin sandar kanta. Ku lura da hikimar mai lambu. Bai rage wa ruwa nauyi ba ko kaɗan. Abin da ya yi, ya juya aikin ne: maimakon ya sunkuya ya ciccibo ruwa da gadon bayansa, sai ya ja igiya ƙasa, nauyin jikinsa na taya shi, lakar ta hau sama, sa'an nan in guga ya cika, laka ta sauko ta biya shi bashin da ya ba ta. Don haka ne dattijo ke iya wuni yana ban-ruwa, alhali in da hannu zalla ne da ko hantsi bai kai ba.

Wannan ƙa'ida ita ce ke aiki sa'ad da masu fasa dutse suka zura sandar ƙarfe ƙarƙashin wani ƙaton dutse. A ce sandar mita 2 ce, an sa ɗan ƙaramin dutse ya zama madogara santimita 20 daga bakinta, saura santimita 180 a wajen mai dannawa. Hannunsa ya fi na kayan tsawo sau 9, saboda haka ƙarfin da zai ɗaga kilo 30 ya isa ya ɗaga kilo 270. Wannan 9 ɗin shi masana ke aunawa in suna son su san amfanin na'ura, mu kuwa a wannan fili za mu kira shi ribar ƙarfi. Sai dai fa ku dubi hannun mutumin. Kafin dutse ya tashi santimita 5, sai hannunsa ya yi tafiyar santimita 45. Ya ci ribar ƙarfi sau 9, ya biya da tafiya sau 9. A ninka 270 da 5, a ninka 30 da 45, duka biyu 1,350 ne. Wannan abin da ake samu in an ninka ƙarfi da nisan tafiya shi ake ce wa aiki a ilmin kimiyya, kuma babu wata sanda ko gargare da ta taɓa fid da aiki fiye da wanda aka zuba mata. Malam tela, ka riƙe wannan lissafi, za mu komo gare shi.

Wanda ya fara rubuta ƙa'idar sanda da hujjar lissafi wani Bagirke ne, Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda wani sojan Rum ya kashe a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wani marubuci mai suna Fulutak, wanda ya zo bayansa da wajen shekara 300, ya ba da labari cewa Arkimidis ya taɓa janyo jirgin ruwa cike da kaya da mutane a gaban Sarki Hiyero, yana zaune shi kaɗai yana jan bakin igiyar da ya bi da ita ta cikin gargare masu yawa. Ni dai na ɗauka labarin ya sha gishiri, amma ko da gaskiya ne, abin da masu ba da shi ba su cika faɗi ba shi ne yawan igiyar da ya ja kafin jirgin ya gusa taku ɗaya.

Bayansa an yi Hiron na Iskandariyya, cikin ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wanda ya ƙidaya na'urori 5 da ake motsa kaya masu nauyi da su: sanda, da ƙafa mai juyawa a kan gindinta, da gargaren igiya, da abu mai kaifin baki irin na tsaga itace, da kuma ƙarfe mai zare irin na noti. Daga baya aka ƙara gangare suka zama 6. Wani abin sha'awa, littafin nan na Hiron ya ɓace a harshen Girkanci, in ban da 'yan guntaye, ya kuwa iso ga mutanen yau ta hanyar fassarar Larabci da Ƙusɗa ɗan Luƙa ya yi cikin ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. A wannan zamani ne kuma Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya rubuta littafi sukutum a kan ma'aunin nan mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, wanda ake auna babban kaya da ɗan ƙaramin dutse ta hanyar gusa dutsen bisa dogon hannu. A 1206 kuwa Aljazari ya kammala littafinsa a Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, inda ya zana injunan ɗaga ruwa iri iri. Na kawo waɗannan sunaye ne saboda yaranmu da ke jin tsoron wannan fanni suna ce masa karatun Turawa.

Mu komo kasuwa. A nan Ikko nakan tsaya in kalli samarinmu masu turin baro, sau da yawa kuwa ina iya gane sabon shiga tun daga nesa, ta wurin yadda ya ɗora kaya. Baro ma sanda ce, sai dai madogararta a can gaba take, watau ƙafar, kaya na tsakiya, hannu na baya. A ce daga ƙafa zuwa mariƙi santimita 120 ne, aka ɗora buhun siminti 2, kilo 100 ke nan. In tsakiyar kayan na santimita 40 daga ƙafa, hannun mai turi kilo 33 da 'yan kai kaɗai zai ɗauka, sauran ƙafa ta ɗauke masa. In kuwa ya bar buhunan suka zamo baya zuwa santimita 80, nauyin da ke hannunsa ya koma wajen kilo 67. Kaya ɗaya, kuɗin dako ɗaya, wahala ninki biyu, don kawai tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Tsofaffin hannu sun san wannan ba tare da alƙalami ba, shi ya sa za ka ga suna tura kaya can gaba bisa ƙafa kafin su ɗaga.

Almakashin tela da awartakin maƙeri da filayar makanike duk sanduna ne bibbiyu da aka haɗa a madogara ɗaya. Kai da kanka, Malam, in yadi ya yi kauri ai can kusa da ƙusar almakashi kake kai shi, ba baki ba. Haka kuma makanike in noti ya ƙi kwantuwa yakan zura wa sifana bututu don hannunta ya ƙara tsawo.

Ba kowace sanda ce ke ba da ribar ƙarfi ba, wata hasararsa take jawowa da gangan. Misali mafi kusa shi ne hannunka. Naman damtse yana kama ƙashin hannu wajen santimita 4 ko 5 daga gwiwar hannu, tafin kuwa yana can wajen santimita 35. Ashe in ka riƙe kilo 10 a tafinka, damtsenka na ja da ƙarfin da ya kai na kilo 70 ko fiye. Abin da aka ba ka a madadin wannan hasara shi ne sauri: damtse ya ɗan motsa kaɗan, tafi ya yi tafiya mai nisa, da haka kake jifa, da haka kake sara da fartanya. Keke ma haka yake. In faifan gaba na da haƙora 44, na baya 22, kowane zagaye ɗaya na feda ƙafar baya ta zaga sau 2. Ka sayi sauri da ƙarfi, shi ya sa in an zo hawan tudu mai keke ke miƙewa tsaye bisa feda. Inda wannan al'amari ya fi muni shi ne gadon baya. Jijiyoyin da ke miƙar da mutum suna aiki ne 'yan santimita kaɗan daga ƙashin baya, saboda haka wanda ya sunkuya ya ɗauki buhu nesa da jikinsa ya ɗora wa ƙugunsa nauyin buhun ninkin ba ninkin. Ɗan dako ya durƙusa, ya rungumo buhu jikinsa, ya tashi da ƙafafu. Ciwon bayan da ke zaunar da magidanci tun yana da sauran ƙarfi sau da yawa daga nan yake farawa.

Gargaren igiya ba shi da wuyar ganewa. In guda ɗaya ne aka rataya bisa bakin rijiya ko saman gini, bai rage nauyi ba, ya dai juya maka ja ya koma ƙasa, kamar jigo. In kuwa an haɗa na sama da na ƙasa, igiya na kai da komowa tsakaninsu, sai ka ƙidaya igiyoyin da ke riƙe da kayan. In 4 ne, injin mota mai kilo 200 zai zo hannunka kamar kilo 50, amma kafin ya tashi mita 1 sai ka ja igiya mita 4.

Gangare shi ne wanda na fi so mu daɗe a kansa, domin akwai hakkin mutane a ciki. Masu lodi in za su hau da duro mai kilo 200 bayan motar da bisanta mita 1 ne, sukan jingina katako mai mita 4 su mirgina shi, ƙarfin kilo 50 ya wadatar. In katakon mita 2 ne sai an sa na kilo 100. To, ku ɗauki wannan lissafi ku kai shi ƙofar asibiti ko banki ko makaranta. Cikin watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Ƙa'idar da masana gini ke bi a ƙasashe da yawa ita ce, kowane mita 1 na hawa a ba shi mita 12 na shimfiɗa. Mutum da kekensa in sun kai kilo 96, a irin wannan gangare ƙarfin kilo 8 zai tura, abin da hannunsa zai iya. Amma abin da na sha gani shi ne magini ya zuba siminti a gefen matakala, mita 1 na hawa cikin mita 4, ya ce ya cika doka. A nan ƙarfin da ake bukata ya zama kilo 24, a kan ƙafafun da ke neman komawa baya. Wanda aka yi abin dominsa sai ya tsaya a ƙasa yana jiran mai taimako, daidai kamar dā, an kuwa kashe kuɗin siminti. Wannan rashin tunani ne, ba rashin kuɗi ba, don ma'aunin tef ɗaya ya isa ya hana shi.

Gatari da wuƙa da allura duk gangare ne da ake turawa cikin abu maimakon a tura abu bisansa. Noti kuwa gangare ne da aka naɗe a jikin ƙarfe, kamar hanyar da ke kewaya dutse har ta kai ƙololuwa. Ku dubi jak mai zare. A ce kowane zagaye ɗaya yana ɗaga mota milimita 4, hannun da kake juyawa kuwa santimita 20 ne. A zagaye ɗaya hannunka ya yi tafiyar wajen milimita 1,256, a raba da 4, ribar ƙarfi ta haura 300. Shi ya sa yaro ke iya ɗaga motar da ƙarti 10 za su sha wuya da ita, shi ya sa kuma yake ta juyi har ya gaji mota ba ta tashi taƙi ɗaya ba.

A nan ne za mu shigo da wani ɓarawo wanda duk lissafin da muka yi a baya muka yi kamar ba ya nan, watau gogayya. Duk inda abu biyu ke gugar juna, wani kashi na aikin da ka zuba yakan zama zafi ya bi iska. A jak mai zare gogayya na cinye fiye da rabin wahalarka. Abin mamaki kuwa, wannan hasara ita ce ke riƙe motar, domin in da zaren ya yi santsi sarai, da ka saki hannu sai ya warware mota ta sauko. Duk da haka kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota yana dogara ga jak kaɗai, ko mai zare ko mai mai. A sa mata kututture ko ƙarfen tokara tukuna. Mutanen dā ma sun san wannan ɓarawo. Akwai wani zane a kabarin wani hakimin Masar mai suna Jehutihotef, inda mutane masu yawa ke jan wani ƙaton gunki bisa katako, mutum ɗaya kuwa na tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. A 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka tarar yashin da aka jiƙa daidai gwargwado yana iya rage ƙarfin ja da wajen rabi. Mai da giris da ƙwallayen boris duk yaƙi ne da gogayya. Ana rage ta, amma ba a kashe ta.

To, Malam tela, yanzu mu buɗe injin naka. Batir na ba mota mai juyawa wuta, ita kuma ta juya bel, bel ya juya injin da ke haifar da wuta, wutar ta koma batir. Gargaren nan babba da ƙarami ba su da bambanci da faifan keke: in sun ƙara ƙarfin juyi sun rage saurinsa, in sun ƙara sauri sun rage ƙarfi, aikin dai bai ƙaru ba. Ƙatuwar ƙafar ƙarfen kuwa rumbu ce, tana ajiye abin da aka zuba mata ta sake shi sannu sannu, rumbu kuwa bai taɓa haifar hatsi ba. Mu yi misali, a ce batir ya fid da kashi 100. Motar ta yi zafi ta miƙa 80, bel ya ci nasa ya miƙa 75, injin wuta ya ci nasa ya miƙa 60, wajen cika batir a sake yin hasara, abin da ya koma bai fi 50 ba. Wannan fa tun ba ka kunna ƙwai ɗaya ba, balle keken ɗinki da dutsen guga. Wutar da ka gani ran da aka yi muku gwaji ta batirin ce, wadda aka cika a wani wuri, kuma da ka haɗa batirin da inbata kai tsaye da ya fi daɗewa, don ba a ɓarnatar da rabinsa wajen juya ƙarafa ba.

Kada ka ji kunya don abin ya ba ka sha'awa, manyan masana sun faɗa wannan rami kafin a gane. Cikin ƙarni na 12 Baskara, masanin lissafi na ƙasar Indiya, ya siffanta wata ƙafa da ya zaci za ta yi ta juyawa da kanta har abada. Wajen shekara ta 1600 Galileyo, yana koyarwa a Faduwa ta ƙasar Italiya, ya buɗe rubutunsa kan na'urori da jan kunnen masu sana'a da ke zaton za su yaudari halitta su sami babban aiki da ƙaramar wahala. A 1775 kuwa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta gaji, ta yanke shawara ba za ta ƙara duba takardar duk wanda ya ce ya ƙera injin da ba ya tsayawa ba. Shekara 250 ke nan, har yau ba a sami wanda ya kunyata ta ba.

In mai tallan ya komo, ga gwajin da za ka ba shi, ba sai kun yi gardama ba. Ya kawo injin shagonka, a ɗora shi bisa tebur inda kowa zai ga ba wata waya da ta shige shi ta ƙasa. A tashe shi, sa'an nan a cire batirin gaba ɗaya, tun da ya ce injin ne ke ciyar da batir. In ya ce ba a cirewa, to, a bar shi, a jona dutsen guga da keken ɗinki, ku zauna tare tun daga safe har safiyar gobe, kuɗi kuwa su kwana a aljihunka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba jak mai mai da birkin mota, mu ga yadda ruwa a cikin bututu ke yin aikin da sanda ke yi, sa'an nan mu lissafa wa Malam tela yawan faifan hasken rana da zai ishi keken ɗinki ɗaya da ƙwai biyu.